Ganin Dabo

A unguwarmu, nan cikin Birnin Kudu, idan mutum ya shirga wata uwar ƙarya ba a cewa ya yi ƙarya. Sai wani ya taɓe baki ya ce, "Wannan kuma ganin Dabo ne," a kwashe da dariya a wuce. Yara na faɗa, manya na faɗa. Har wata amarya da aka kawo daga Unguwar Ya na ji ta faɗa a gidan suna, ba ta ma san Dabo mutum ba ne, ta ɗauka karin magana ce tun ta kaka da kakanni. Na dire kwanon shinkafata na ce, "Ke yarinya, Dabon nan yayana ne, ciki ɗaya, kuma yana nan da ransa." Ta rasa inda za ta sa kanta, ni kuma abincin ya fita daga raina.

Sunana Murja, ɗinki nake yi, kuma an ce ina da baki, ban musa ba. Duk bakin gidanmu ni aka ba. Yaya Dabo kuwa ko ka sa masa yatsa a baki ba zai ciza ba. Manomi ne, yana da gona a Surko, sallarsa a jam'i, bai taɓa cin hakkin kowa ba. Amma tun yana yaro aka liƙa masa wannan suna, kuma ba a kan komai ba sai a kan gem, wasan nan na talabijin.

Lokacin ban fi shekara takwas ba, wata nas ta babban asibiti, Madam Justina, ta kama haya a gidan da ke jikin namu. Tana da ɗa ɗaya, Simon, sa'an Yaya Dabo. Wani kawunsa ne ya kawo masa abin daga Kudu: ɗan akwati fari-fari bai fi faranti ba, da hannaye biyu masu igiya waɗanda ake dannawa, da kaset rawaya da ake cusawa ta sama. Ranar da aka fara jona shi da talabijin, wallahi ban manta ba. Wani ɗan mutum ya fito a gilashi riƙe da gora, ya tsaya cak. Simon ya danna, ya taka. Ya sake dannawa, ya yi tsalle. Mu da muka saba talabijin ta yi magana mu yi shiru, yau ga ta tana bin umarnin babban yatsan Simon! Wani yaro ya zagaya bayan talabijin ɗin yana leƙe. Ni kuwa bakina a buɗe har sai da Madam ta ce in rufe kar ƙuda ya shiga.

Kaset ɗin ba shi da sunan da za mu iya karantawa, rubutun jikinsa kamar tafiyar kaza. Mu muka raɗa masa Mai Gora. Ɗan mutumin zai ratsa daji, ya shiga kogo, ya bi ta wata ƙasa da komai ya daskare yana santsi, sannan gidan wuta. A hanya akwai kunamu masu tsalle, da jemagu, da wasu kwaɗi masu tofa wuta, duk sai ya kwaɗa musu gora su ɓace. Kiɗansa har yau in ina taka keke nakan tsinci kaina ina yi da hanci.

Kowa da aikinsa a ɗakin nan. In kaset ya ƙi kamawa, gilashi ya cika da zane-zane, sai a zare a miƙa wa Abdulbaqi. Abdulbaqi taubashinmu ne, ɗan Kawu Malam Sanda mai makarantar allo, kuma mun yi imani iskar bakinsa daban take, tun da a gidansu ake kai yara tofi. Zai karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya hura, a mayar, ya kama. In wani ya hura ya kama, sai mu ce ai ragowar ta Abdulbaqi ce. Ni kuma, da yake an ce mace ba ta riƙe hannu, aka ba ni mafici. Adaftar abin tana zafi kamar garwashi, in ba a fifita ba sai ta ɗauke. Haka zan durƙusa a jikin bango ina fifita, wuyana a karkace ina kallo. Kada ku ji tausayina, a lokacin ji nake ni ce na riƙe duniya.

Ciwon abin ɗaya ne, ba ya tuna inda ka tsaya. Aka ɗauke wuta, ko ka kai ƙofar ƙarshe, sai ka dawo dajin farko. Wutar garinmu kuwa kun santa, baƙuwa ce mai gaggawa. Don haka ba wanda ya taɓa wuce gidan wuta, kuma ba wanda ya san abin da ke bayansa. Mun yi ta musu. Wasu suka ce akwatin zinare ne, wasu suka ce ba shi da ƙarshe sam.

Sai wata Lahadi. Yaya Dabo ya taka ƙusa, ƙafar ta kumbura, aka ɗage masa makarantar allo. Madam ta wanke masa ciwon da safe, ta ga ba ya iya takawa, ta ce ya zauna a falonta har su dawo daga coci. Ranar kuwa bikin godiyar kaka suke yi, wuni guda. Kuma ikon Allah, wuta ta zauna daram tun hantsi. Shi kaɗai a ɗaki, ba mai hura kaset, ba mai fifita, ya jiƙa tsumma ya ɗora wa adafta.

Da yamma muka same shi zaune a dakalin ƙofar gida, idanunsa sun yi wani iri. Ya ce, "Na ga ƙarshe."

Aka yanyame shi. Ya ce bayan gidan wuta akwai ƙaton dodo mai ido ɗaya, in ka kayar da shi ƙofa za ta buɗe. Ya ce bayan ƙofar rairayi ne, bayan rairayi ruwa, ruwan da ba shi da tsallake, yana zuwa yana komawa. Ya ce Mai Gora zai kafa gorarsa a ƙasa ya zauna, hannu ya daina aiki, ko ka danna ba ya jin ka. Sannan duk abubuwan da ya kashe a hanya, kunamu, jemagu, kwaɗi, har dodon, za su fito ɗaya bayan ɗaya su zauna a gefensa suna kallon ruwa tare. Rana ta yi ja tana nutsewa. Ya ce a nan aka ɗauke wuta.

Sai Abdulbaqi ya fashe da dariya. "Wanda ka kashe ya dawo ya zauna kusa da kai? Haba Dabo! Ai ko a lahira sai an yi hisabi tukuna." Wani yaro, Maikano, ya ce, "Ganin Dabo ke nan!" Shi ke nan, kamar an zuba fetur. Ni dai na san na yi tsalle na kafa wa Abdulbaqi haƙora a damtse, sai da aka ɓamɓare ni. Tabon na nan, ku tambaye shi.

Da za a sake gwadawa da an huta. To satin nan taransifomar unguwa ta ƙone, kafin a gyara an yi wa Madam canjin wurin aiki, suka tafi da akwatinsu. Aka bar yayana da suna.

Za ku ce wasan yara ne, ni ma na so ya zama haka. Amma magana in ta samu gindin zama ba ta tambayar shekaru. Ya ce ya ga kura a bayan gona, ganin Dabo. Ya ce hadarin gabas da ƙanƙara yake tafe, ganin Dabo, ko da ta sauka ta kashe kaji ba wanda ya tuna shi ya faɗa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ni nake faɗan, shi yake ba ni haƙuri.

Abin da ya karya shi azumin bara ne. Yaya Dabo Allah ya ba shi ido, kuma yana son duban wata tun yana saurayi. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban yana gonar Surko, ya idar da magariba, ya ɗaga kai ya gan shi, siriri, a saman wata tsamiya. Ya hau babur ko hula bai tsaya ɗauka ba, ya zo ƙofar gidan Abdulbaqi. Abdulbaqi yanzu Malam ne, na'ibin liman, da gilashi da rawani, kuma shi ke kai shaidar wata wurin dagaci. Ya tarar da dattawa zaune a tabarma. Ya yi sallama ya ce, "Malam, na ga wata."

Maikano, wanda furfura ba ta koya masa komai ba, ya ce, "A bakin ruwan ka gan shi, ko kusa da dodon?"

Tabarma ta ɗauki dariya. Malam bai yi dariya ba, amma ya yi abin da ya fi dariya ciwo. Ya gyara gilashi ya ce, "To madalla, Dabo. Bari mu ɗan saurara mu ji daga wasu wurare." Bai tambaye shi a ina ba, bai tambaye shi ina ƙahonsa ya fuskanta ba, bai tashi ba. Bayan isha'i rediyo ta ce an ga wata a garuruwa da dama, aka tashi da azumi. Ba wanda ya taka ya ce masa sannu.

Bayan ƙaramar salla na je gidansa na tarar ana ɗaure kaya. Matarsa Kubra ta ja ni gefe ta ce ya ce Surko za su koma gaba ɗaya, zai yi ɗaki a gona. Gidan da aka haife mu, masallacin da ya yi shekara da shekaru yana sharewa, zai bari saboda bakin banza. Na ce masa, "Yaya, kan wannan?" Ya ce, "Murja, mutumin da ba a karɓar shaidarsa me yake yi a cikin mutane?" Wallahi ji na yi kamar an caka min allurar keke a ƙirji.

Ban yi barcin kirki ba sai da na samo labarin Simon. Wata mai kawo min ɗinki ta ce ai yana Gwaram, yana haɗa wa mutane sola, ya yi aure har da yara. Washegari na shiga mota. Na same shi a shago cikin batura da wayoyi, ya yi ƙiba, kansa ya fara sanƙo. Ya dube ni ya dube ni, sai ya ce, "Mai mafici!" Muka yi dariya har da hawaye. Na yi masa gaisuwar Madam, don ta rasu shekarun baya. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya shiga ciki, ya fito da kwali ɗaure da tsohon ɗankwali. Yana kwancewa gabana ya faɗi. Ga shi nan, ya yi ja-ja saboda tsufa, ashe ɗan mitsitsi ne haka. A idona na yarinta ya kai akwatin aure. Ga kaset rawaya, har da tabon haƙorin wani a gefe. Na taɓa shi da yatsa ɗaya, na ji ƙamshin falon Madam, man shafawarta da kananzir.

Simon ya ce, "Mama ce ta adana shi. Tun da ta tafi ban jona ba, tsoro nake kar ya ƙi tashi." Ya ce shi ma bai taɓa ganin ƙarshen ba, kuma ya nema a waya ya gaji, ba a san kaset ɗin da wani suna ba. Ya ce yana da tsohuwar talabijin mai ƙeya, kuma solarsa ba ta ƙiftawa. "Ki kawo Dabo. In ya ga dama ya wuni."

Na ɗauka Malam ne zai ba ni wahala, ashe yayana ne. Na tare Malam a zaure na ce, "Kai da kake karantar da mutane cewa ba a tuhuma sai da hujja, ina hujjarka a kan Dabo? Ga inda za a gani da ido, in ka isa ka zo." Ya ce, "Murja, da girmana in je kallon gem?" Na ce, "Da girmanka ka zauna aka yi wa mai shaidar wata dariya a ƙofarka. Ko in ƙara maka a ɗaya damtsen?" Taubashi ne, ba yadda zai yi da ni. Ya ce Asabar.

Yaya Dabo kuwa cewa ya yi ba za shi ba. Na yi lallashi, na yi masifa, na yi kuka. Sai da Kubra ta fita ya rage murya ya ce, "Murja, ranar nan da zazzaɓi a jikina. Ƙafar nan ta sa min zazzaɓi. Shekarun nan duk ina tambayar kaina, idan fa zazzaɓin ne ya nuna min? Idan muka je aka buɗe ƙofar aka ga akwatin zinare fa?"

Ni da na ciji mutum a kan maganar nan, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ashe sun yi ta faɗa har shi ma ya fara yarda da su. Na ce, "In zinare ne, ni zan ɗaure maka sauran kayan da hannuna. Amma ba za ka tafi Surko ba ka san ko idonka na da gaskiya ba." Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce to.

Ranar Asabar muka isa Gwaram da hantsi, ni da Yaya da Malam, da Maikano wanda ba wanda ya gayyata, wai ya zo ya ga ruwa. Simon ya share tsakiyar shago ya shimfiɗa tabarma, matarsa Prisca ta kawo kunun aya. Ya jona komai, ya cusa kaset, ya kunna. Gilashi ya cika da zane-zane. Ya zare ya goge ya mayar, haka. Ya sake, haka. Zufa ta karyo min.

Simon ya juya a hankali ya miƙa wa Malam kaset ɗin. "Malam, sai kai."

"Kai Simon, wannan ai camfin yara ne. Ƙura ce kawai."

"To a hure mana ƙurar."

Malam ya waiga ko akwai ɗalibinsa a kusa. Ya karɓa, kuma ina kallo, da hannu biyu ya karɓa. Leɓensa ya motsa, ya hura. Aka mayar. Kiɗan nan ya tashi, siriri, kamar ana busa kara, ga Mai Gora tsaye a bakin daji yana jiranmu, ko furfura ɗaya bai yi ba. Maikano ne ya ce, "La ilaha illallahu, yana nan!" Na ciro maficin da na zo da shi a jaka na durƙusa a jikin bango.

Farkon abin ban tausayi. Yatsun Yaya sun saba da fartanya, sun yi kanta, danna ɗaya yake yi ya danne biyu. Kunamar farko ta kashe shi. Ta biyu ma haka. Aka dawo farko, aka sake dawowa. Maikano ya buɗe baki, na nuna shi da mafici, ya rufe. Can wajen kogo sai na ga kafaɗun Yaya sun sauka, ya daina kallon hannunsa. Ya fara tsalle kafin jemage ya fito. Ya tsaya a wani wuri da ba komai, ya doki bango, ƙarin rai ya faɗo. Simon ya ce, "Kai! Ka tuna wannan?" Ya ce, "Ba ni ba ne, yatsan ne."

Kafin azahar shago ya cika. Masu cajin waya, 'yan acaɓa, wani dattijo da ya zo sayen fitila ya manta da fitilar. Da aka kira salla Yaya ya danna ya tsayar da shi a tsakiyar ƙasar santsi, ƙafar Mai Gora ɗaya a sama. Suka tafi masallaci, ni na zauna gadi ina fifita, Prisca ta tsaya a bakin ƙofa tana korar yara kar wani ya taka waya. Sai da suka dawo na ba Simon mafici na je na yi tawa, kuma Allah ya yafe min, da kiɗan a kunnena na yi ta.

Gidan wuta ya ci rayuka. Ya shiga da su da yawa, suna ta zubewa, har ya rage saura ɗaya. A nan muka wuce inda idon kowa ya taɓa kaiwa. Ƙasa ta girgiza, wani abu ya taso ya cika rabin gilashi, baƙi, da ido ɗaya jajir a tsakiyar goshi.

Malam ya ce a hankali, "Ido ɗaya."

Hannuna ya gaji, na canza, ban daina ba. Yaya ya yi gaba ya yi baya, wuta na wucewa ta saman kansa, ya ƙi kai duka. Mutane na ihu, "Doke shi! Doke shi mana!" Bai kula su ba. Sai da idon ya ƙifta ya daka tsalle ya sauke gora a kai. Ya koma ya jira. Haka ya yi ta yi, da haƙurin nan nasa da ke ba ni haushi a gida, har dodon ya tsage ya zube. Wata ƙofa ta bayyana a bango.

Yaya ya tsaya a bakinta bai shiga ba. Na ce, "Yaya, bisimilla." Ya danna.

Rairayi.

Kiɗa ya canza, ya yi sanyi, ya yi ƙasa. Mai Gora ya taka shi kaɗai, Yaya ya saki hannun ya faɗi a cinyarsa. Sai ga ruwa. Shuɗi, daga wannan gefe zuwa wancan, ba tsallake, farin kumfa na zuwa yana komawa. Na sha ganin teku a waya, wanda aka ɗauka da kyamara mai tsada, bai taɓa sa tsigar jikina ta tashi ba. Wannan da aka yi da 'yan ɗige-ɗige, a tsohuwar talabijin, cikin shagon batura, shi ya sa ta tashi. Ɗan mutumin ya kafa gorarsa ya zauna.

Kunama ta fito daga hagu, tana ɗan tsallenta. Wani ya ce, "Za ta sare shi!" Ta zo dab da shi ta tsaya, ta juya ta fuskanci ruwa. Jemage ya sauko ya zauna. Kwaɗo ya zo, bakinsa a rufe. Suka yi ta zuwa suna jeruwa kamar sahu. Daga ƙarshe ƙasa ta ɗan girgiza, dodon ya taho a hankali, ya raɓa ta bayansu, ya durƙusa a gefen wanda ya kashe shi. Rana ta yi ja ta fara nutsewa.

Dattijon mai fitila ya ce, "Ikon Allah. Sun yafe wa juna."

Na dubi Malam. Ya cire gilashi, ya mayar, ya sake cirewa. Maikano ya dafe kai da hannu biyu. Yayana kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, bai share ba, yana cewa a hankali, "Ashe na gani. Ashe na gani." Ni kuka nake yi sosai, da majina da komai, mafici na tafiya.

Rana ta nutse. Yaya ya ce, "Nan ne. Nan aka ɗauke." Simon ya kai hannu zai kashe, na daka masa tsawa, don kiɗan bai tsaya ba. Sama ta yi shuɗi mai duhu, ta ƙara duhu. Muka zuba ido, ba abin da ke motsi sai kumfa. Har an fara gyara zama za a tashi.

Sai Yaya ya ɗaga yatsa. "Ga wata can."

Duk shagon aka matso. Ni ban ga komai ba. Simon bai gani ba. Malam ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa da gilashi, yana bin yatsan. A can sama, ta dama, wasu 'yan ɗige farare suna fitowa, a lanƙwashe, siriri kamar yankan farce. Ya ƙara haske kaɗan. Jinjirin wata ne, a saman ruwa, su kuma duk suna zaune a ƙarƙashinsa.

Malam ya daɗe a durƙushe. Sannan ya juyo. Bai ce Dabo ba, ya ce, "Malam Dabo, na gani. Bayanka na gani." Ya kama hannun yayana da hannu biyu, yadda ya karɓi kaset ɗin nan, ya ce, "Ka yafe min. Na wannan, da na Sha'aban." Yaya ya ce, "Ba komai," don shi dama bai iya wata magana ba. Ni ce na ce akwai komai, kuma sai an faɗa a inda aka yi dariyar.

An faɗa. Malam da kansa ya faɗa a ƙofar gidansa, a tabarmar nan, Maikano na gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ba zan ce muku an daina cewa ganin Dabo ba, baki ba ya wankuwa rana ɗaya, ko jiya na kori wani yaro da takalmi. Kayan da aka ɗaure kuma Yaya bai ce a kwance ba, bai ce a ɗauka ba, suna nan jingine a zaure, Kubra na zaro tukunya ɗaya-ɗaya tana girki.

Ranar ashirin da tara ga watan, bayan magariba, na leƙa ta kan katanga. Maza sun fito filin bayan masallaci kamar yadda aka saba. Malam ya ratsa su, ya zo har ƙofar gidan Yaya da ke jikin nawa, ya yi sallama, suka fito tare. Yaya ya tsaya ya fuskanci yamma, ya kare ido da hannu. Abin da na gani shi ne ba mai kallon sama, kowa shi yake kallo. Ya duba, ya duba, har jan ya gushe. Sannan ya sauke hannu ya ce, "Ban gan shi ba."

Malam ya ce, "To, mu nan ba mu gani ba." Aka watse, ba wanda ya ƙara ɗaga kai.

Da safe na ji Kubra tana kiran a zo a taya ta shigar da katifa.